Jika 2 na biya aka sauka da ni gulbin garinmu da ƙafa

Tun da na ajiye alli shekara uku da suka wuce, tafiyata ba ta wuce daga ɗaki zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa ƙofa in tsai da adaidaita. Shekara 31 na yi ina koyarwa a lakwal, a tsaye nake wuni, ban san ciwon gwiwa ba. Zama ne ya kawo mini shi, ya haɗo mini da hawan jini. Likitan da ke duba ni ya ce magani kaɗai ba zai wadatar ba, sai na riƙa takawa, ko da minti 30 ne a rana, kwana biyar a mako. Ya ce ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ke nan, minti 150 a mako ga babban mutum. Na gwada ni kaɗai a unguwarmu, Ali Ɗan Tsoho, a nan Maraɗi. Kafin in zagayo layi biyu an tsai da ni sau uku ana tambayata ko lafiya, wani ɗan kabu-kabu har ya ce in hau ya kai ni kyauta. Mutanenmu ba su saba ganin mace mai shekara 58 tana tafiya ba tare da ta nufi biki ko gaisuwa ba. Kwana huɗu na yi na bari.

'Yata ta biyu ce ta kawo mini labarin wasu yara. Su biyar ne, maza huɗu da mace ɗaya, duk 'yan garin nan, babu wanda ya kai shekara 30. Duk Lahadi, daga shigowar sanyi har zafi ya kawo kai, suna tara mutane su zagaya da su da ƙafa, suna yi musu bayanin wuraren da aka ratsa. Kuɗin jika 2 ne, wato sefa 2,000, ɗalibi kuma rabin haka. A ciki akwai ruwan leda biyu da karin kumallo a hanya. Ana ba da suna ta waya tun ranar Juma'a, kuma sun ce ba sa wuce mutum 15. Da na ji sai na ce wa yarinyar, yanzu garin da aka yanke mini cibiya ne zan biya kuɗi a nuna mini? Ta ce, "Inna, ki je sau ɗaya dai, ni zan biya." Zuwa yau na je sau huɗu, uku da kuɗin aljihuna, shi ya sa nake ganin ina da bakin faɗa wa mai son zuwa abin da zai tarar, daɗinsa da rashin daɗinsa.

Ranar farko a cikin Janairu ce, hazo ya sauko, sanyi har cikin ƙashi. An ce a haɗu a ƙofar fada da ƙarfe 6 da rabi. Na isa da saura minti biyar, na tarar da mutum uku kawai suna ɗumama hannu a wajen mai shayi. Ba mu tashi ba sai ƙarfe 7 da minti 10, saboda ana jiran wasu Alhazai biyu da suka ce ga su nan tafe. Wannan jira ya maimaita kansa duk zuwan da na yi, kuma shi ne abu na farko da zan ce su gyara. Minti 40 ɗin da aka ɓata da safe ba ɓacewa yake yi ba, yana can yana jiranka a hawan dawowa, lokacin da rana ta take. Na faɗa wa babbansu haka, ya ce, "Hajiya, kunya ce, ba ma iya tafiya mu bar dattijo." Na gane kunyar, amma su ma dattawan da suka zo kan lokaci suna da hakki.

A ƙofar fada aka fara bayani, kuma a nan ne na fara jin kamar na yi asarar safiyata. Babban jagoran yaro ne mai ladabi, sai dai wayarsa ya ciro yana karanta mana tarihin da Faransanci, sa'annan ya juya shi zuwa Hausa jimla bayan jimla. Abin da ya faɗa daidai ne: cewa Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunan Haɓe suka fito, Ɗan Kasawa ya zo ya kafa sarauta a Maraɗi wajen 1819, shi ya sa har yau Sarkin Katsinan Maraɗi ake cewa. Ya ambaci Sarki Rauda da ya rasu a yaƙin Gawakuke a 1836 tare da Sarkin Gobir Ali, da yadda Gobirawa suka kafa Tsibiri bayan nan, ga ta nan kusa da mu, kilomita 10 da ɗoriya. Ya ambaci Ɗan Baskore da Ƙaura Hasau. Amma duk a murya ɗaya, kamar yaro na ba da hadda. Muna tsaye, ga dogarai zaune da jajayen riguna a gabanmu, ga wani tsohon maroƙi yana kallonmu, ba wanda aka ce wa ko sannu. Wata ɗaliba ta tambaya mene ne aikin Iya a fada, jagoran ya shiga lalube a waya. Wani dattijo a cikinmu, tsohon ma'aikacin gidan waya, shi ya amsa mata cewa Iya ita ce uwar matan ƙasar, takwarar Inna ta Gobir, ya ƙara da lissafo mata Ƙaura da Galadima da 'Yandaka da Durbi, masu zaɓen sarki. Minti biyu ya yi yana magana, kowa ya matso kusa.

Daga nan muka bi ta tsofaffin unguwanni muka nufi yamma, rana na bayanmu. Ni a Bagalam na tashi, saboda haka kowane lungu na san shi, ko in ce na san yadda yake a da. Mata na shara, yara na tafiya da kwanukan koko, ana gaishe mu ana tambaya ina za mu haka da jama'a. A bakin gangare akwai kwazazzabon da ruwan damina ya ci, ya cika da baƙar leda da tarkace, har da mataccen kare. Na yaba wa yaran da ba su kauce da mu don ɓoye shi ba. Yarinyar cikinsu, wadda ta karanta aikin gona, ta tsai da mu ta nuna mana wani gida da katangarsa ta rataye a bakin ramin, ta ce duk ruwan da ya sauka a kan kwalta da rufin kwanon gari nan yake gangarowa a guje, tun da babu ƙasar da za ta shanye shi a sama. Ban taɓa haɗa kwaltar da muka yi murna da ita lokacin gyaran gari na Maraɗi Kwalliya a 2015 da katangar wani talaka a bakin gangare ba sai ranar.

Da muka sauka fadama sai iska ta sake. Wanda bai sauka da ƙafa ba ba zai gane abin da nake nufi ba, don a mota gilashi ne tsakaninka da ita. Ƙurar tudu ta tsaya a sama, ƙasa kuma sanyi mai laima da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mangwarori sun yi fure, ƙudan zuma na ta kuka a cikinsu. Injinan ban-ruwa na bugawa nan da can, ga fangalin salati da kabeji da albasa da tumatir, ga zogale an yi masa aski ya sake tohowa. Masu bulo sun shiga laka har gwiwa da wannan sanyi. Na tsaya na lissafa, shekara 22 ke nan rabona da taka wannan wuri, alhali daga ƙofar gidana in na hau adaidaita minti 15 ne. Kullum ina cin salatinsa, ina shan mangwaronsa, amma na manta kamanninsa.

Gulbin kansa a bushe yake, rairayi fari fat, sai sawun shanu da na amalanke. Muka tsaya a tsakiyarsa. Yarinyar ta zana mana hanyarsa da kara a kan rairayin: daga ƙasar Katsina yake shigowa, ya bi ta Madarunfa, ya wuce mu, ya wuce Tsibiri da Gidan Runji, ya sake komawa Najeriya ya faɗa Rima. Ta ce tun da aka yi madatsar Jibiya ruwan da ke iso mana ba kamar na da ba ne. Ta durƙusa ta tona da hannu, ba ta kai tsawon kamu ɗaya ba rairayin ya fara duhu da laima. Ta ce kowa ya sa hannu ya ji. Alhazan nan biyu da babbar riga, da ɗalibai, da ni, duk muka durƙusa muna taɓa ƙasa. Wannan bayani ya shige ni fiye da duk abin da aka karanto daga waya, kuma in da ina cikin aji har yanzu, da haka zan koyar da darasin gulbi.

Abin da ya sa na koma, na sake komawa, a wani lambu ya faru, ƙetaren rairayin kaɗan. An shirya a nan za mu karya. Mai lambun tsoho ne, na yi masa shekara 85 ko fiye, idonsa ɗaya ya yi fari, yana zaune a kan buhu yana gyaran igiyar guga. Jikanyarsa ta kawo kunun gyaɗa a bokiti da ƙosai mai zafi a leda, da yaji a takarda. Babban jagoran ya miƙe zai fara karanta mana labarin ambaliyar 1945, wadda ta cinye tsohon gari har Nasara suka mai da mutane kan tudu. Tsohon ya ɗaga hannu ya ce, "Yaro, ajiye wayar nan. Ina nan aka yi." Yaron, Allah ya yi masa albarka, ya sa ta aljihu ya zauna a ƙasa.

Tsohon bai ba mu shekara ko adadi ba. Ya ce shi abin da ya riƙe, an ɗora shi a wuya cikin dare, yana jin kukan awaki, kuma da gari ya waye ya ga rumbun gidansu ya zauna a cikin ruwa kamar an jiƙa fura. Ya nuna da sandarsa wajen wasu mangwarori ya ce gidajen danginsu can suke, ya ce har yau in ana haƙar rijiya a wajen ana fito da katangar tukwane da duwatsun niƙa. Ya sa jikanyar ta shiga bukka ta ɗauko wani ɗan dutsen niƙa, ya sha hannu har ya yi santsi, aka riƙa miƙa shi daga hannu zuwa hannu. Da ya iso gare ni na kasa miƙa shi gaba da wuri. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, tana da shekara bakwai aka yi wannan ruwa, kuma har ta koma ga Mahaliccinta in hadari ya haɗo daga gabas sai ta tashi ta ɗaure kayanta a zane. Muna yara muna ganin abin kamar tsoro ne kawai irin na tsofaffi. Ta sha ce mini gidansu na ƙasa kusa da wata tsamiya yake, ban taɓa cewa ta zo ta nuna mini ba. Na tambayi tsohon, "Baba, ko ka san wata tsamiya a nan wajen?" Ya ce tsamiyoyi uku ya sani, biyu sun faɗi, ɗaya na nan. Ya tambaye ni sunan kakana da sana'arsa, na faɗa masa. Ya yi shiru, ya ce sunan bai zo masa ba, amma masu wannan sana'a ta gefen tsamiyar da ta rage suke zaune. Yarinyar cikin jagororin ta raka ni, tafiyar minti biyar. Tsamiya ce kawai a tsakiyar gonar rogo, gindinta ya rube ta gefe ɗaya. Na yi wa iyayena addu'a a wurin, ita kuma ta koma nesa kaɗan ta juya baya har na gama.

Wannan yarinya ita ce ƙashin bayan tafiyar, ko sun sani ko ba su sani ba. Ba ta da yawan magana, amma duk itacen da aka wuce ta san shi da amfaninsa. A gindin wani gawo ta tambaye mu me ya sa shi kaɗai yake kore shar a tsakiyar rani. Ta bari muka yi ta faɗin namu, kana ta ce gawo da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da awaki. Daga nan ta kawo zancen sassaben zamani, yadda manomi ke barin tohon kututture ya zaɓi mai ƙarfi ya sassabe sauran har ya zama itace. Ta ce a jihar nan tamu abin ya samo tushe, wajen 1983, lokacin da wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo yake aiki da manoman karkarar Maraɗi, yau kuma har wasu ƙasashe ana koyi da shi. Ɗaya daga cikin Alhazan ya ce shi gonarsa ta hanyar Dakoro haka yaransa ke yi mata, bai san abin yana da tarihi ba.

Wani abin yabo shi ne yadda suke tafiyar da ayari. Ɗaya na gaba, ɗaya na tsakiya, ɗaya kuma aikinsa kawai ya tsaya bayan na ƙarshe. Ranar farko ni ce ta ƙarshe tun daga gangare har dawowa. Yaron da ke baya bai taɓa ce mini in ɗaga ƙafa ba, bai kuma nuna mini yana jirana ba. In na tsaya sai ya ce, "Inna, dubi wancan tsuntsu," mu tsaya tare har numfashina ya daidaita. Yana ɗauke da jaka mai auduga da filasta da man zafi da sukari. Wata baiwar Allah da ta zo da silifas ƙaya ta soke ta, nan take ya cire mata ya wanke ya ɗaure. Duk mai zuwa ya nemi takalmin kambas da safa, na gwanjo ma ya isa, don rairayin gulbi da ƙayar fadama ba sa ragawa silifas. Mata kuma a sa hijabi marar nauyi wanda bai ja ƙasa, da wando a ƙarƙashin zane.

Dawowa ita ce wahalar. Tafiyar duka sun ce kilomita 7 ce, kuma wayar wata ɗaliba ta nuna kusan haka. Amma saboda jiran safe da daɗewar da muka yi a lambu, sai ƙarfe 10 da rabi muka fara hawan tudu, hazo ya washe, rana ta buɗe. Ruwan leda biyu ya ƙare tun a gulbi. Babu mai sayar da ruwa a gangaren, kuma su ba su riƙe na ajiya ba. Dattijon gidan waya jiri ya ɗebe shi, aka zaunar da shi a inuwar wata bedi, yaro ɗaya ya ruga unguwa ya sayo ruwa. Allah ya kiyaye, amma wannan sakaci ne. Wanda ya tara masu hawan jini da masu ciwon sukari ya sauka da su fadama, wajibi ne ya riƙe ruwa fiye da ƙima, ya kuma tambayi kowa ciwonsa tun wajen rubuta suna. Zuwana na uku na ga sun fara ɗauko jarka a kan amalanke, amma tambayar lafiya har yau ba sa yi.

Akwai kuma maganar da mata ba sa son faɗa a gaban maza, ni zan faɗa. Tafiyar awa huɗu, an sha kunu an sha ruwa, ba a tanadi inda mace za ta kewaya ba. Maza suna iya juya baya a gindin itace. Mu sai da yarinyar ta roƙi wani gida a bakin unguwa aka bar mu muka shiga ɗaya bayan ɗaya. Matan gidan sun karɓe mu da fara'a, amma bai kamata a riƙa faɗa wa mutane gida ba shiri ba. Su daidaita da gida biyu a kan hanya, su riƙa ba su wani abu, kowa ya huta. Na tabbata rashin wannan ne ya sa mata ba su wuce mu huɗu ba a kowane zuwa.

Zagayen cikin gari, wanda na je a karo na biyu, bai kai na gulbi ba. An bi ta babbar kasuwa, amma ranar Lahadi ba ranarta ba ce, Litinin da Juma'a take cika, ga kabu-kabu na ta yanko mu. Abin da na riƙe a ciki shi ne wajen wani majemi, inda muka ga fatar jar akuyar Maraɗi tun tana ɗanya har ta fito daga ruwan bagaruwa, ya ba mu muka murza muka ji laushin da ya sa sunanta ya kai ƙasashen Turai. Warin wajen ya kori rabin ayarin, ni dai na tsaya. A filin kokawa jagoran ya yi tuntuɓe, ya ce a nan Maraɗi aka yi gasar ƙasa ta farko. Mutum uku suka amsa masa baki ɗaya cewa a Tawa aka yi ta a 1975, Kantu namu ne dai ya ciyo ta, shi ya sa filin ke ɗauke da sunansa. Ya karɓi gyara ba gardama, ya yi godiya. Wannan hali nasa shi ke sa ina yafe masa karatun waya.

Sai babbar ranar da suka shirya a farkon Fabrairu, wadda suka kira bikin tattaki, suka buɗe wa kowa a kan dala 100, wato sefa 500. A nan raina ya ɓaci. Mutane sun fi 100, an raba riguna masu tambarin wani ɗan kasuwa, an ɗauko makaɗa da lasifika a kan adaidaita. Fitowa daga gari abin ya yi kyau, ban musa ba: kalangu na tashi, yara na bin mu, tsofaffi na leƙowa ta ƙofa, har na ga matan da ban taɓa zaton za su fito ba sun fito. Da a kan kwalta aka tsaya, da ba ni da ta cewa. Amma sai aka sauka da wannan taro duka cikin fadama, ta hanyar da mutum biyu ba sa jerawa. Jagora biyar ba sa iya riƙe mutum 100. Samari suka riƙa tsallaka fangali suna taka albasa, ana karya reshen mangwaro mai fure don ɗaukar hoto, ana ɗaukar masu bulo a waya ba a tambaye su ba, har ɗayansu ya juya baya ya rufe fuska da hula. Ledar ruwa kuwa duk inda aka sha nan aka yar, mu da aka nuna wa kwazazzabo makonni uku kafin nan.

Da muka iso lambun tsohon, yana zaune a kan buhunsa kamar kullum. Aka miƙa masa makirfo ya ba da labarin ruwa. Ya dube shi, ya dubi taron, ya ce yau ba ya jin daɗin jikinsa. Na matsa na gaishe shi, ya gane muryata, ya ce, "'Yar tsamiya, ke ma kina cikin masu gangar?" Ban sami abin ce masa ba. Na ga jikanyarsa tana tsince ledoji daga cikin salati tana tarawa a zanenta.

Washegari na kira babbansu na faɗa masa duk abin da ke raina, kamar yadda zan faɗa wa ɗan da na haifa. Na ce ɗana, abin da kuke sayarwa ba naku ba ne, amanar masu lambu ce, ranar da suka rufe muku ƙofa ba ku da sana'a. Ya ce sun riga sun koma da yamma sun tsince wajen, sun biya mai albasa ɓarnarsa, kuma baɗi in Allah ya kai mu bikin a cikin gari zai tsaya. Na tambayi jikanyar tsohon da na koma, ta ce gaskiya ne sun zo, sun kuma kawo wa Baba goro da sukari. Na kuma tambaye shi ko suna ba masu lambu da majemin wani abu daga cikin jika biyun da muke biya, ya ce kuɗin kunu da ƙosai kawai. Na ce bai isa ba. Wanda labarinsa ne ke dawo da mutane, a yanka masa rabonsa a fili, ko da za a ƙara mana dala 100 a kai, ni zan biya.

Game da kuɗin, jika 2 ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali a wannan lokaci, kuma na san masu cewa tafiya da ƙafa ai kyauta ce. Kyauta ce, amma ni shekara 22 ban yi ta ba sai da aka sa mini rana da abokan tafiya da yaron da zai tsaya a bayana. A cikin ayari ba wanda ya tsai da ni ya ce ko lafiya. Yanzu mu uku da muka haɗu a can, ni da wata ungozoma da matar wani tela, muna fita Talata da Alhamis bayan asuba mu zagaya unguwa, ba mu biyan kowa. Awon jinina na watan nan ya fi na watan jiya kyau, likita ya ce in ci gaba, ban kuma bar shan magani ba. Mai ciwon zuciya ko wanda gwiwarsa ta yi tsanani ya fara tambayar likitansa, don hawan dawowa ba wasa ba ne. Yara daga shekara 10 za su iya, kuma na so a ce malaman lakwal suna kai 'yan aji, kaɗan kaɗan.

Suna maganar shirya tafiya zuwa tafkin Madarunfa, a je da mota a zagaya bakin ruwa da kaburburan waliyyai 99 da ƙafa, wurin da Nijar ta sa a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su tun 2006. Na ce musu ina so, amma sai sun nemi izinin hukuma da shawarar mutanen wajen tukuna, don kowa ya san halin da yankin iyaka yake ciki, kuma kada su wuce mutum 15 ɗin da suka faɗa da bakinsu.

Lahadin ƙarshe ta Fabrairu za su rufe sai bayan damina. Na riga na ba da sunana, na kuma roƙe su alfarma ɗaya suka yarda. Ƙanwar mahaifiyata tana nan da rai a Mokoyo, an haife ta bayan ruwan, amma ta sha bin yayarta zuwa gonar ƙasa tana yarinya. Ba ta iya doguwar tafiya, saboda haka za a kai ta a adaidaita har bakin rairayi, yaron baya ya riƙe mata hannu zuwa tsamiyar, ta duba ta gaya mini ko ita ce.